Jami'a Ta Sayi Manhaja, To Me Ya Sa Har Yanzu Ake Layin Neman Sa Hannu?

Akwai tambayar da ɗalibai da malamai suke ta maimaitawa a kwanakin nan: idan jami'a ta ce ta koma aiki da fasahar zamani, me ya sa har yanzu ake tsayuwa a bakin ofis da fayil a hannu?

Tushen maganar sananne ne, don haka ba za mu daɗe a kansa ba. A shekarar 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a ƙasashe fiye da 190, kuma UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta cewa rufewar ta shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6. Jami'o'i suka ruga suka rungumi manhajojin taro ta bidiyo irin su Zoom da Microsoft Teams, da kuma Moodle, manhajar koyarwa ta kyauta da Martin Dougiamas ya fitar tun 2002. Sayen kwamfutoci da jawo intanet da ba da kwangilar shafin jami'a, duk waɗannan magana ce ta kasafin kuɗi, kuma yawancin shugabanni sun iya su.

Inda ake tuntuɓe shi ne mataki na gaba, wato yanke hukunci a kan tsohuwar hanyar aiki.

Ku dubi misalin wata malamar jami'a da kyau. Ta gama duba takardun jarrabawa, ta shigar da makin kowane ɗalibi a manhaja ɗaya bayan ɗaya. Da ta kammala, sai aka ce ta buga sakamakon a takarda ta kai wa jami'in jarrabawa, shi kuma ya miƙa wa shugaban sashe ya sa hannu, daga nan a tafi da shi tsangaya, sannan majalisar jami'a ta zauna a kansa. Aikin da take yi sau ɗaya a da, yanzu sau biyu take yin sa. Idan kuma aka gyara makin ɗalibi guda da biro a kan takardar, aka manta ba a gyara na manhaja ba, to jami'a ta wayi gari da sakamako iri biyu na mutum ɗaya, kuma ɗalibin ne zai yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi a shekararsa ta ƙarshe.

Ma'aikacin sashen kwamfuta ba shi da ikon warware wannan, domin ba shi ne ya kafa dokar sa hannu ba. Shugaban jami'a da magatakarda da majalisar jami'a ne kaɗai za su iya zartar da cewa daga rana kaza abin da ke cikin manhaja shi ne sakamako na hukuma. Su ne kuma za su fayyace wanda yake da izinin canza maki bayan an shigar da shi, da wanda zai amince da canjin, tare da tabbatar da cewa manhajar tana ajiye sunan duk wanda ya taɓa wani abu da lokacin da ya taɓa. A ganina wannan hukunci ya fi sayen kaya wuya nesa ba kusa ba, saboda yana rage wa wasu ofisoshi ikon da suka saba da shi shekara da shekaru, kuma shugaban da ke gudun ɓata wa abokan aikinsa rai yakan bar hanyoyin biyu su ci gaba tare.

Ina so in yi wa malamai adalci a nan. Sau da yawa ana zarginsu da ƙin sauyi, alhali horon yini guda aka ba su ana dab da jarrabawa, ba a kuma rage musu ko awa ɗaya daga nauyin koyarwa ba. Wanda aka ninka wa aiki yana da hujja idan ya yi ƙorafi.

Saboda haka shugaban da ya san aikinsa yakan fara da sashe ɗaya na tsawon zango guda, ya zauna da jami'an jarrabawa su bi sawun takardar daga teburin malami har zuwa rumbun ajiya, su soke duk sa hannun da ba ya kare komai. Bayan haka ya sanar da ranar daina karɓar takarda, kuma idan aka kawo masa fayil bayan ranar, ya mayar da shi, ya buɗe kwamfutarsa ya amince da sakamakon a can.