Sunan shafinka na intanet: da sunan wa aka yi masa rajista?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. A 'yan makonnin nan saƙonni suna ta shigo mana daga 'yan kasuwa da masu makarantu da shugabannin ƙungiyoyi a nan Kano, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: wane kamfani ne ya fi dacewa mutum ya sayi sunan shafi da masaukinsa a wurinsa? Da yawa daga cikin masu tambayar suna da shafi tun da farko, sai dai ya ɗauke musu ba zato ba tsammani bayan shekara guda, suka ɗauka kamfanin ne ba shi da kyau, shi ya sa suke neman wani. Za mu zo kan maganar kamfanoni. Amma sau da yawa matsalar tana cikin wani ɗan akwati da ake cikewa a minti ɗaya ranar rajista, kuma a kan wannan akwatin za mu fi daɗewa yau.

Abubuwa biyu ake biya wa kuɗi, kuma kowanne zaman kansa yake yi. Na farko shi ne sunan shafin, wato domen, wannan rubutun da kuke gani a saman allo mai ƙarewa da .com ko .ng. Na biyu shi ne masauki, wato hostin, wanda yake nufin wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, inda ake ajiye hotunanku da rubutunku da imel ɗinku. Dangantakarsu kamar ta layi da waya ce. Mutum yana iya sauya waya sau goma, muddin layin yana hannunsa abokan cinikinsa za su same shi, amma ranar da layin ya kuɓuce masa, tsadar wayar ba za ta amfane shi da komai ba.

Shi sunan ba a sayar da shi kacokan, hayarsa ake bayarwa shekara-shekara. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita take tsara ƙa'idojin sunaye irin su .com da .net da .org, ita kuma take ba kamfanonin rajista izini. Babban kundin .com yana hannun kamfanin Verisign. Na Najeriya kuwa, wato .ng da rassansa irin su .com.ng da .org.ng, yana hannun ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, ita ma tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi wa jama'a rajista. Duk kamfanin da kuka je wurinsa dillali ne tsakaninku da wancan kundin. A .com ana iya biyan shekara 1 har zuwa shekara 10 a tashi ɗaya. A nan ya kamata mu gyara wata fahimta da ta yaɗu: rajistar da kuka yi wa sunan kasuwancinku a hukumar CAC ba ta tanadar muku da sunan a intanet. Kundi biyu ne daban, kuma a na intanet wanda ya riga zuwa shi ake ba.

 Akwai fom ɗin da ake cikewa bayan an zaɓi suna, kuma a cikinsa akwai sashen da aka rubuta Registrant a samansa, wato mai sunan. Akwai gurbin suna, da na kamfani, da na adireshi, da na lambar waya, da na imel. Duk wanda aka rubuta a nan, shi ne mai sunan a idon kamfanin rajista da idon kundin duniya, ko da kuwa ba daga aljihunsa kuɗin ya fito ba.

A ce wani Alhaji mai fitar da riɗi da zoɓo daga kasuwar Dawanau yana son shafi da imel mai sunan kamfaninsa, domin masu saye daga ƙasashen waje sun fi natsuwa da irin wannan adireshin. Sai a haɗa shi da wani matashi da ya iya aikin, a yi ciniki, a tura masa kuɗi. Matashin zai buɗe asusunsa na kamfanin rajista, wanda yake ajiye sunayen duk mutanen da yake yi wa aiki, ya sa sunansa da imel ɗinsa da lambarsa, domin hakan ya fi masa sauƙi kuma babu wanda ya ce masa kada ya yi. Shafi ya fito tsaf, Alhaji ya ji daɗi, an buga adireshin a katin kasuwanci da jikin buhuna da takardun ciniki. Bayan wata goma sha ɗaya kamfanin rajista zai fara aika saƙon tunatarwa cewa wa'adi ya kusa, kuma duk saƙonnin akwatin matashin za su shiga. Alhaji ba zai ga ko ɗaya ba. Abin da zai gani shi ne wata safiya shafi ya ƙi buɗewa, saƙonnin masu saye kuma sun daina shigowa.

Ba na son a ɗauka cewa masu haɗa shafuka mutanen banza ne, domin mafi yawansu neman halal suke yi kuma ba su da niyyar cutar kowa. Sai dai rayuwa tana tafiya da mutum: wani ya tafi bautar ƙasa, wani ya samu aiki a Abuja ko Legas, wani ya sauya layi, wani kuma rai ya yi halinsa. Ko da wane dalili ne, sakamakon ɗaya ne. Idan Alhaji ya kira kamfanin rajista ya ce sunan nasa ne, za su duba fom ɗin nan su ga sunan wani, kuma ba za su miƙa masa ba, domin wannan tsaurin shi ne yake hana ɓarayi ƙwace sunayen mutane. Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin kamfanin waya don a dawo masa da layin da aka yi wa rajista da sunan wani ya san irin amsar da ake bayarwa.

Saboda haka ga yadda ya kamata a yi, kuma za mu bi shi a hankali. Mai kasuwancin ne zai buɗe asusun da kansa, ko a buɗe a gabansa a cikin wayarsa. A gurbin suna a sa sunansa, a gurbin kamfani a sa sunan da ke kan takardar CAC, lambar waya kuma ta zama wadda aka haɗa da lambarsa ta NIN. Imel ɗin ya zama wanda yake buɗewa kullum. Kuma a kula da wannan sosai: kada a yi amfani da imel ɗin da ke ƙarƙashin shi kansa sunan da ake yi wa rajista, domin ranar da sunan ya mutu imel ɗin ma zai mutu tare da shi, saƙon da zai taimaka a farfaɗo da shi kuma ba shi da inda zai sauka. A yi amfani da Gmail ko makamancinsa. Daga nan a kunna tsaro mai mataki biyu, wato wanda ke neman ƙarin lambar tabbaci bayan kalmar sirri, maɓallinsa yana sashen tsaro. Kamfanin zai aiko da saƙon tabbatar da imel, kuma a danna shi a ranar, domin a sunaye irin su .com ana dakatar da sunan idan kwana 15 suka wuce ba a tabbatar ba. Idan makaranta ce ko ƙungiya, a buɗe imel na musamman wanda aƙalla amintattu biyu suka san kalmar sirrinsa, a kuma rubuta hakan a takardun ƙungiyar saboda sauyin shugabanci.

Mai haɗa shafin ba ya buƙatar mallakar sunan kafin ya yi aikinsa. Abin da yake buƙata shi ne a nuna wa sunan inda masaukin yake, kuma za mu ga yadda ake yi nan gaba kaɗan.

Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, sunan ba ya tafiya nan take. A ƙa'idar ICANN dole kamfani ya aika tunatarwa kimanin wata guda kafin ranar, da wata kimanin mako guda kafin ranar, da wata bayan ta wuce. Daga nan akwai ɗan lokacin sassauci da kan kai har kwana 45, gwargwadon tsarin kamfanin, wanda ake iya sabuntawa a farashin da aka saba. Bayansa akwai kwana 30 na fansa, inda kuɗin yake ninkuwa sosai, sannan kwana 5 na jiran gogewa, daga nan kowa a duniya yana iya ɗaukar sunan. Sunayen .ng suna bin ƙa'idojin NiRA ne, don haka a karanta su a shafin kamfanin da aka zaɓa.

Yanzu maganar kamfanoni. A waje akwai Namecheap da GoDaddy da Porkbun da Cloudflare, a gida kuma akwai irin su Whogohost da QServers. Ba za mu ce ga gwani ba, amma ga abin da za ku duba. Kada farashin shekarar farko ya ruɗe ku, ku nemi farashin sabuntawa. A watan Satumban 2024 Verisign ya kai abin da yake karɓa daga dillalai kan kowane .com zuwa dala 10.26 a shekara, saboda haka duk wanda ya ba ku shi a kan dala ɗaya ko biyu, a shekara ta biyu zai fanshe. Sai kuma hanyar biya. Waɗanda suke da sunaye a kamfanonin waje sun sha wahala a 2022 da bayanta, lokacin da bankuna da dama suka hana katin naira biyan kuɗi a waje, sannan daga Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,000. A ra'ayina, wanda kasuwarsa ta tsaya a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, ya ɗauki .com.ng a wurin kamfanin da NiRA ta amince da shi, ya riƙa biya da naira ta banki hankalinsa kwance. Mai hulɗa da ƙasashen waje ya ɗauki .com, in da hali ya haɗa da na Najeriya don kada wani ya yi amfani da sunansa. Kamfani ma yana iya sauya hannu, kamar yadda Google ya sayar da sashensa na rajistar sunaye ga Squarespace a 2023, amma wanda sunansa yake kan rajista bai rasa komai ba.

Shi masauki ba za mu daɗe a kansa ba, domin ana iya sauya shi a duk lokacin da aka ga dama. Ƙaramin shafi na shago ko makaranta da aka gina da manhajar haɗa shafuka ta WordPress, masaukin haɗaka mafi araha, wato wanda shafuka da yawa suke zaune tare a kwamfuta ɗaya, ya ishe shi. Ku tabbatar suna ajiye kwafin shafin a kai a kai, kuna kuma iya sauke kwafin zuwa kwamfutarku. Ku tabbatar akwai tsaron nan da yake sa adireshi ya fara da https, wanda hukumar Let's Encrypt take bayarwa kyauta, don haka bai kamata ƙaramin shafi ya biya masa kuɗi ba. Kafin ku biya, ku aika musu tambaya da daddare ko ranar Lahadi ku ga yaushe za su amsa. Idan sun ce za su ba ku suna kyauta tare da masauki, ku tambaya da sunan wa za a yi rajistar, da kuma nawa za ku biya idan kun bar masaukin kuna son tafiya da sunan. Ni dai na fi son suna a kamfani ɗaya, masauki a wani.

Haɗa suna da masauki kuwa ga yadda ake yi. Kamfanin masauki zai aiko da layuka biyu, galibi masu farawa da ns1 da ns2. A shiga asusun rajista, a nemi inda aka rubuta Nameservers, a goge na ciki, a liƙa waɗannan, a adana. Yawanci cikin 'yan sa'o'i shafin yake bayyana, wani lokaci yakan kai awa 48, saboda haka kada a yi ta sauye-sauye don an ga bai fito nan take ba.

Wanda sunansa ya riga ya kasance a hannun wani, kada ya jira wa'adi. Ya shiga lookup.icann.org idan .com ne, ya rubuta sunan, zai ga kamfanin rajistar da ranar ƙarewa, ko da yake galibi ana ɓoye sunan mai shi. Sannan ya nemi wanda ya yi masa aikin tun ana ga-maciji, ya buɗe asusu a kamfani ɗaya da shi, ya roƙe shi ya tura sunan daga asusu zuwa asusu, a kuma gyara sashen Registrant. Idan wani kamfanin ake son komawa, sai a cire kullen da ke hana ƙaura da sunan a karɓi lambar ƙaura da ake kira EPP, amma a sani cewa ba a ƙaura da .com a cikin kwana 60 na farkon rajista, kuma sauya sunan mai shi ma yana iya jawo irin wannan kullen. Idan ya nemi ɗan ladan wahalarsa, ina ba da shawarar a biya a rabu lafiya, domin shigar da ƙara kan .com a hukumar WIPO mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya yana farawa ne daga dala 1,500, kuma sai mai ƙara ya nuna yana da haƙƙin alamar kasuwanci a kan sunan, ya kuma tabbatar cewa da mugun nufi aka yi rajistar.