Amsoshin Tambayoyinku: Dattijo da yaran ajin farko

Masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta fito. Wani dattijo ne, malamin firamare da ya yi ritaya, yake son ya riƙa zuwa makarantar unguwarsu yana koya wa ƙananan yara karatu kyauta. 'Ya'yansa sun hana, wai za a ce sun kasa riƙe shi. Yana tambaya ko ana yin haka a wani wuri, kuma ko ba zai taɓa lafiyarsa ba.

To Baba, ana yi. A Amurka akwai shirin Experience Corps da aka fara a 1995, inda masu shekara 50 zuwa sama suke zama da yara suna koya musu karatu. Masana daga Jami'ar Johns Hopkins sun bibiyi tsofaffin da ke wannan aiki a birnin Baltimore, awa 15 a mako, suka tarar sun fi waɗanda ba su shiga ba kuzari da kaifin tunani.

Su kuwa 'ya'yanka, don ƙauna suke faɗa, amma a wannan karon ba su yi daidai ba. Tun ƙarshen 2020 ma'aikacin gwamnatin Kamaru yana ajiye aiki yana da shekara 60 ko 55, gwargwadon matsayinsa. Mutum yana hawa babur ɗinsa zuwa kasuwa, sai a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida a ce ya huta, shi ma ya fara cewa "mu kam namu ya wuce". Wannan magana tana da illa. Becca Levy ta Jami'ar Yale ta wallafa bincike a 2002 da ya nuna masu kallon tsufa da alheri sun fi sauran daɗewa a duniya da kusan shekara bakwai da rabi. Rai dai na Allah ne, amma a lura.

Ka fara da neman izinin shugaban makaranta. Ka nemi 'yan ajin SIL, wato ajin farko na firamare, musamman yaron nan na bencin baya, wanda Hausa ko Fulatanci yake ji a gida, ya zo ya tarar malami yana ta zuba Faransanci, ya yi tsuru da allo a cinya. Ka ɗauki huɗu ko biyar irinsa ku zauna gindin darbejiya. Bulala kuwa a bar ta a gida. Da safe za ka riƙa zuwa, don ka san ranar Garwa a watan Maris da Afrilu.

Wata kuma daga Njamena ta ce mahaifiyarta ba ta yi boko ba, ko tana da abin bayarwa? Sosai ma, Hajiya. Inna ta tara yaran maƙwabta bayan magariba ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", in ta gama ta sa su maimaita mata da bakinsu. Yaron da ya saba tsara labari daga farko zuwa ƙarshe, karatu ba ya yi masa nauyi sosai.

Sai wasiƙa ta uku, daga Marwa.