Gamsheƙa Ba Ta da Hannu: Lacca a Kan Miƙe Baya

Assalamu alaikum jama'a. Sannunku da daure wa wannan zafin na Maradi. Kafin in fara, kowa ya dubi yadda ya zauna. Kun gani? Rabinku kun duƙe kamar masu roron gyaɗa. Ba laifinku ba ne. Tela yana kan keke tun hantsi har la'asar, ɗan kabu-kabu yana rungume da babur daga unguwar Zariya zuwa Babbar Kasuwa, ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kansa na cikin waya, uwargida kuwa tsakanin murhu ne da tsintsiya. Kullum gaba muke lanƙwashewa. Yau motsi guda zan koya muku, mai ɗan mai da jiki ɗaya ɓangaren.

Daga yoga ya fito, tsohuwar hanyar horar da jiki da numfashi ta mutanen Indiya. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni, aka fara bikin a 2015. Na hangi Alhaji can baya ya ɗaure fuska, kuma na san dalili. Gaskiya ne, Alhaji, a can asalinta akwai masu haɗa ta da bautarsu, har wannan motsin yana cikin jerin da suke kira gaisuwar rana. Mu ba rana muke gaisarwa ba, babu wani karatu da za mu yi. Miƙa ce, irin wadda ɗan kokowa ke yi kafin ya shiga fili.

Sunansa bujangasana. Bujanga maciji ke nan a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, saboda mai yin sa yana kama da gamsheƙa in ta fasa kai. Ka shimfiɗa tabarma, ka yi rub da ciki, ƙafafu a miƙe, bayan ƙafa na taɓa ƙasa. Tafin hannu a ƙarƙashin kafaɗa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Sai ka ja numfashi ta hanci, ka ɗaga ƙirji sannu a hankali, cibiya tana ƙasa ba ta tashi ba.

To a nan ne ake ɓata shi. Mutum sai ya turje da hannu ya cilla kai sama, yana so a ce ya fi na kusa da shi. Tambayata ita ce, kun taɓa ganin gamsheƙa da hannu? Da naman bayanta take tashi. Ku gwada: in kun ɗaga, ku ɗauke tafin hannu daga tabarma. Inda kuka iya tsayawa, nan ne iyakarku ta yau, ko da taƙi ɗaya ne.

Ga dalilin da na nace. Ƙashin baya ba sanda ba ce, ƙananan ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji inda haƙarƙari suka kama, 5 a kugu, sauran sun haɗe a ƙasa. Na kugu da na wuya suna lanƙwasawa baya cikin sauƙi, na ƙirji kuwa masu taurin kai ne, alhali su ne zaman duƙe ya fi sandararwa. In ka tura da ƙarfin hannu, duk nauyin kan kugu yake sauka, saitin ƙirjin bai ma san an yi ba. Ni kaina da na fara, girman kai ya sa na yi haka, na yi kwanaki ko ruku'u sai da dabara.

Ka tsaya tsawon numfashi biyar, kafaɗu nesa da kunne, ido a ƙasa gabanka kaɗan. Kada ka riƙe numfashi. Ka sauka, ka huta, ka sake har sau uku. Bayan asuba ya fi daɗi, kafin koko da ƙosai, don ba a kwanciya kan cikakken ciki.

Hajiya na tambaya ko mai juna biyu za ta yi. A'a, Hajiya, kada ta yi. Haka wadda aka yi wa aikin haihuwa kwanan nan, da mai gwaiwa, da wanda ciwon bayansa ke sauka har ƙafa ko ƙafar na yi masa mutuwa. Waɗannan likita za su fara gani. Sauranku kuma, jin miƙa daban, zogi daban. Da ka ji zogi sai ka sauka.

To, masu tabarma ku matso nan inuwa, mata ga ɓangarenku can bayan labule. Kai ɗan samari mai jar hula, zo ka fara mana.