Outwit a HeroClix: yadda ake ɗaure ikon abokin karawa, da lokacin da ɗaurin ke kwancewa

A HeroClix, wasan tebur na 'yan mutum-mutumin gwaraza, kowane gwarzo na tsaye ne kan faifai mai nuna lambobinsa da launukan ikonsa, wanda ake juyawa duk lokacin da aka yi masa ɓarna. A gurbin ɓarna, wato lamba ta huɗu, wani lokaci za ku ga baƙin launi. Wannan shi ne Outwit, ikon da ya fi kowanne jawo gardama a teburin HeroClix, wasan da kamfanin WizKids ya fitar a 2002. Gardamar kuwa kusan kullum a kan tambaya ɗaya take: ikon da aka hana, yaushe zai dawo?

Yin sa ba wuya. Aiki ne na kyauta, ba ya cin ko ɗaya daga ayyuka ukun da kuke da su a wasan maki 300, ba a kuma ɗora wa gwarzo alamar aiki saboda shi. Sharaɗi biyu ne: abokin gaba ya kasance cikin tazarar da za a iya kai masa, layin saiti kuma ya fita ba shinge. Sai ku ambaci iko ɗaya, ko cikin na gama-gari ko na musamman da ke rubuce a katinsa. Daga nan ba zai iya amfani da shi ba har zagayenku na gaba. Kowane gwarzo sau ɗaya yake yin sa a zagaye.

Ku riƙe wannan da kyau: ba a goge ikon ba. Yana nan a faifai, launinsa na nan, hannu kawai aka ɗaure masa. Shi ya sa tun daga dokokin 2017 kuna iya ambaton ikon gama-gari ko da bai bayyana a faifan ba tukuna.

Ga inda wannan ke da amfani. Gwarzonku na da ɓarna 3. Na gabansa na da Invulnerability, launin toka, mai rage 2. In kun buga haka nan, faifai zai juya sau ɗaya tak. In kun fara ɗaure Invulnerability, zai juya sau uku. To amma bayan juyi ukun, sai ga ruwan lemo ya fito a gurbin kariya, wato Toughness, mai rage 1. Ɗaurinku bai shafe shi ba, domin sunan iko kuka kira, ba gurbin kariya gaba ɗaya ba. Mai bugu na biyu zai tarar da kariya sabuwa fil. Wanda ya san faifan abokin karawarsa, yana kuma da mai Outwit na biyu, zai iya ɗaure Toughness tun kafin ya leƙo. Nan ne sanin faifai ke raba gwani da ɗan koyo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne na jeri. Mutum ya jefa dayis, ya ga ya samu, sannan ya tuna da Outwit. Bakin alƙalami ya riga ya bushe, ba a cusa aikin kyauta a tsakiyar hari. A ɗaure tukuna, sannan a buga.

Yanzu batun wa'adi. Kalmomin da ke kati su ne agogo, kuma iri uku za ku fi gani. Akwai wanda ke ƙarewa da ƙarewar aikin da ake yi, kamar Pulse Wave, mai hana duk waɗanda ke cikin tazararsa amfani da ikonsu muddin harin na gudana, da an gama komai ya dawo. Akwai na wannan zagaye, wanda ke mutuwa da kun miƙa wasa. Sai na “har zagayenku na gaba”, irin na Outwit da Perplex, ikon da ke ƙara ko rage wata lambar gwarzo. Wannan na ukun ya haɗiye ragowar zagayenku da dukan zagayen abokin karawa, ya ƙare daidai lokacin da wasa ya dawo hannunku. In mutum huɗu ne a tebur, zagayen mutum uku zai ratsa.

Saboda haka Outwit makami ne mai baki biyu. Kuna iya kashe kariya don ku buga yanzu, ko ku kashe Charge ko Hypersonic Speed, masu ba gwarzo damar tafiya da kai hari a aiki ɗaya, don kada a iso muku anjima. A ganinmu, in ba ku da bugun da zai yi ɓarna ta gaske a wannan zagayen, ɗaure ƙafa ya fi ɗaure garkuwa nesa ba kusa ba. Kariyar da kuka kashe ba ku buga ba asara ce, don za ta dawo kafin ku sake samun dama.

Tsofaffin 'yan wasa kan yi tuntuɓe a wani wurin. A dokokin farko, Outwit na kai gida 10 na taswirar wasa, kuma ɗaurin na rataye ne a wuyan wanda ya yi shi: in ya rasa ikon, ko aka ɗaure nasa Outwit ɗin, abin da ya hana sai ya dawo nan take. Dokokin 2017 sun sauya wannan. Wa'adin da ya riga ya fara yana ci gaba har lokacinsa ya cika, ko da ikon da ya haife shi ya ɓace. Ɗaure Outwit na abokin gaba ba ya kwance muku abin da ya riga ya ɗaure. Abin da yake yi shi ne hana shi sabon ɗauri a zagayensa mai zuwa, wanda shi ma ba ƙaramar riba ba ce.

Akwai kuma waɗanda ba sa ɗauruwa. Baiwar da ke da alamar tauraro a kati ba ta cikin abin da ake zaɓa, sai dai in tana ba da ikon gama-gari, to wannan ikon kuna iya kiran sunansa. Ikon musamman da aka rubuta wa Protected: Outwit ba a taɓa shi, ko da yake sauran ikon gwarzon na nan a fili. Mai Stealth da ke cikin gidan da ke kare gani kuwa, layin saitinku ba ya kai gare shi daga nesa, kuma Outwit ba ya aiki sai da layi.

A aikace, duk lokacin da aka ɗaure iko, ku faɗi sunansa da ƙarfi, ku ajiye wata 'yar alama a kan katin, daidai kan ikon. Da zagayen wanda ya ɗaure ya kama, abu na farko shi ne kwashe alamominsa duka, na Outwit da na Perplex, tare da shingen Barrier da hayaƙin Smoke Cloud da ya kafa, kafin kowa ya taɓa dayis.