Hayaƙin Kwal da Hazon Grand Canyon

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, abubuwa uku zan taɓo.

Na farko, dokar. A 1977 majalisar Amurka ta yi wa dokar tsaftar iska gyara, aka ware wurare 156, gandayen daji na ƙasa da makamantansu, aka ce sai an kare hangen nesa a cikinsu. Ku ji da kyau, hangen nesa! Wato mutum ya tsaya bakin kwazazzabon Grand Canyon ya hango ɗaya gefen tar. Wannan abu yana burge ni ƙwarai.

Na biyu, me ke tare ganin? Kwal akwai farar wuta a cikinsa. In an ƙona shi, hayaƙin ya tashi, iska ta kwashe shi, a hanya ya rikiɗe ya zama 'yan ƙwayoyi mitsi-mitsi masu warwatsa hasken rana. In da laima sai su sha ruwa su kumbura, hazon ya ƙaru. Ku 'yan Kano kun san yadda Dala ke ɓacewa da hunturu, to haka, sai dai wannan hazon ɗan Adam ne ya haɗa shi. Kuma, na baya kuna jina ko? Ƙwayoyin nan da suka rufe dutse, su ne dai ke shiga huhu. Su ne dai!

Shi ya sa a 1991 hukumar kare muhalli, EPA, ta sa tashar wutar lantarki ta Navajo, mai ƙona kwal a jihar Arizona kusa da Grand Canyon, ta rage hayaƙin farar wuta da kashi 90 cikin ɗari. Aka girka injinan wanke hayaƙi da ruwan farar ƙasa.

Na uku: wata ƙa'ida da EPA ta fitar a 1999 ta ɗora wa jihohi tsara yadda iskar wuraren nan da aka ware za ta koma yadda Allah ya yi ta, ana harin 2064.

Na'am, 'yar'uwa? Tana tambaya, ma'aikatan fa? Madalla da wannan tambaya. An rufe tashar a Nuwamban 2019, galibi don iskar gas ta fi araha. Mahaƙar Kayenta da ke ba ta kwal ita ma ta rufe. Ɗaruruwan 'yan ƙabilar Navajo aikinsu ya tafi, ƙabilar Hopi kuwa, a lokacin mafi yawan kuɗin shigar hukumarsu daga kwal ɗin nan yake. Wannan ya dame ni matuƙa, don tun suna numfashin hayaƙin, gidaje da yawa a ƙasar Navajo ko wutar lantarkin ba su da ita.