Gidan Sana'a na Barcelona da Iyayen Gijinsa Uku

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, 'yan'uwa, barkanmu da war haka.

Na ga wasu sun gyara zama da jin an ce Barcelona. To, ku yi haƙuri, yau ba filin ƙwallo za mu ba. Bakin teku za mu, inda titin Rambla ya ƙare, wurin wani tsohon gini da 'yan garin ke kira Drassanes. Ku maimaita sunan a hankali. Darus-sina'a ce ta Larabci, gidan sana'a, bakin Kataloniyawa ya tauna ta har ta koma haka.

Sana'ar gidan kuwa ita ce ƙera jiragen yaƙi na ruwa, masu tafiya da filafilin tuƙi. An aza harsashinsa a ƙarshen ƙarni na 13, zamanin Sarki Pere na Uku na Aragon. Dogayen zauruka ne a jere, ginshiƙan dutse, baka bayan baka kamar soron sarki, rufin katako a sama, kowane zaure ya fuskanci teku. A ciki ake haɗa jirgi, a turo shi ruwa. In sanyi ya shigo a jawo shi a adana. Tonon da aka yi a 2012 ya nuna yawancin abin da ido ke gani yau an sake gina shi ne a ƙarni na 16 bisa tsohon, kuma can ƙasa har da maƙabartar Rumawa.

A nan aka ƙera Real a 1568, jirgin da Don Juan na Ostiriya, kwamandan rundunar ruwa ta ƙawancen Kiristocin Turai, ya hau ranar 7 ga Oktoba 1571 a yaƙin ruwa na Lepanto, kusa da gaɓar Girka, ya yi gaba da gaba da jirgin Ali Pasha, kwamandan Daular Usmaniyya ta Turkawa, wanda ya rasu a wurin.

Sai zamani ya juya. A ƙarni na 18 aikin jirage ya koma Cartagena, wani birnin bakin teku a kudu maso gabashin Spain, soja suka karɓi gidan, ya zama bariki da wurin ƙera igwa da gyaranta. Akwai masu cewa soja sun ɓata wurin. Ni ban yarda ba. Wanda ke ajiye igwa ba zai bar rufi ya yi yoyo ba. Da gidan ya zauna babu mai shi, da tuni an kwashe duwatsun an yi wani gini da su, kamar yadda aka rushe yawancin ganuwar birnin a ƙarni na 19. Abin da ya ja soja shi ne abin da ya ja maƙeran jirgi: fili fetal ƙarƙashin inuwa.

A 1935 aka miƙa shi ga hukumar birni. Yaƙin basasar Spain ya ratsa. A Yulin 1936 an zubar da jini a barikin da ke jikinsa. Sai 1941 aka buɗe gidan tarihin harkokin teku.

Wanda ya shiga yau zai tarar da kwafin Real da aka ƙera a 1971, tsawonsa mita 60, ja da ruwan zinariya, baƙi na ta ɗaukar hoto. Ni dai bencinan masu tuƙi nake so ku duba. Sama da mutum 200 ke jan filafilai a jirgi irin wannan, da yawansu fursunoni da bayi ne ɗaure da sarƙa, cikinsu har da Musulmi. Kwafin kuwa, ko an so tura shi ruwa babu hali: teku ta ja baya, titin mota ya shiga tsakani.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.