Zanen da Ya Yaƙi Bikin 14 ga Yuli a Faransa

Ranar 6 ga Yuli, 1880, Faransa ta kafa dokar da ta mai da 14 ga Yuli ranar bikin ƙasa. Mako guda kafin nan, 'yan sanda sun fitar da limaman Jesuit, wata ƙungiyar malaman Katolika, daga gidajensu bisa umarnin gwamnati. To ku auna yadda mabiya Katolika masu riƙo da addini, da masu son a dawo da sarki, suka ji da aka ce su kafa tuta su kunna fitilu. Ba su da rinjaye a majalisar wakilai, amma suna da maɗaba'a, kuma da hotunan da suke bugawa a cikinta suka yi faɗan.

Dabararsu ta farko ita ce tuna wa mutane abin da ya faru a ranar kanta. Gwamnati na cewa a ranar 14 ga Yuli, 1789, jama'a sun karya gidan yarin Bastil sun samu 'yanci. Mai zanen da ke goyon bayan sarauta sai ya ce: fursunoni bakwai kacal aka tarar a ciki, kuma an kashe shugaban gidan, de Launay, aka tsire kansa a mashi aka zaga gari da shi. Shi ya sa a irin waɗannan hotuna ido kan fara sauka a kan mashi da jini kafin ya ga fitilun biki.

Sai Mariyan, macen da ke wakiltar Jamhuriya da jar hularta. A gumakan gwamnati kyakkyawa ce mai kwarjini. A hannun 'yan sarauta kuwa takan koma mummuna, ballagaza, suna kiranta la Gueuse, wato matsiyaciya. Jaridar barkwanci Le Triboulet, wadda aka kafa a 1878, ta yi suna wajen irin wannan cin fuska, har ta sha gurfana a kotu.

Amma makamin da ya fi tasiri ba zagi ba ne. Zuciya ce, ja, da gicciye a samanta: Tsattsarkar Zuciyar Yesu. Mayaƙan Vande, wani yanki a yammacin Faransa, sun ɗinka ta a ƙirji a 1793, lokacin da suka yi wa Jamhuriya tawaye. Akwai kuma lissafin da masu wa'azi ke so ƙwarai. Sun riƙe cewa a ranar 17 ga Yuni, 1689, wata sistar Katolika mai suna Margarit-Mari Alakok ta karɓi saƙo daga Yesu cewa Sarki Luwi na 14 ya miƙa kansa ga wannan Zuciya ya sa ta a tutocinsa. Bai yi ba. Shekara 100 cif, ranar 17 ga Yuni, 1789, wakilan talakawa suka ayyana kansu Majalisar Ƙasa. Don haka da gwamnati ta yi bikin cikar juyin juya hali shekara 100 a 1889, da hasumiyar Eiffel mai tsawon mita 300, su kuma suka tuna cikar saƙon shekara 200, suna nuna cocin Sakre-Ker, wato cocin Tsattsarkar Zuciya, da ake ginawa a tsaunin Monmartar na birnin Paris tun 1875.

Yaya ake buga hoton? Ana zana shi a juye a kan shafaffen dutse da alli mai maiƙo. A shafa ruwan ƙaro da ɗan asid, irin ƙaron nan da ake kai wa Turai daga yankinmu na Sahel. A jiƙa dutsen, a murza tawada: ta kama wurin maiƙo, ta ƙi wurin ruwa. In dutsen ya bushe, tawada ta kama ko'ina, hoto ya dagule. Kowane launi da dutsensa, kuma in takarda ta goce ko da kaurin farce ne, jan zuciyar sai ya fita daga layinsa. Mai neman araha yakan buga baƙi kawai, sannan a shafa launi ta cikin kwalin da aka huda.

Matsalar tuta ce ta raba kan masu adawa da Jamhuriya. A 1873 Kont na Shambor, wanda masu son sarauta ke so ya zama sarki, ya ƙi karɓar tuta mai launi uku ta juyin juya hali, ya dage sai farar tutar sarakuna, gadon sarauta ya kuɓuce masa. A 1892 Fafaroma Leo na 13 ya umarci Katolika su amince da Jamhuriya. Da yawa sai suka ɗauki tutar mai shuɗi, fari da ja, suka ɗinka zuciyar a tsakiyar farin.